Ruwan Mutum Ɗaya

Takalman ne suka fara tona mata asiri. Sausan ta zaro su daga ƙasan kabad, ta kakkaɓe, ta zura ƙafa ta ɗaure igiya, ta taka zuwa bakin ƙofa. Kafin ta kai, tafin na hagu ya ɓanɓare ya yi zamansa a kan darduma, ya bar ta tsaye da safa. Robar ce ta ruɓe saboda daɗewa a ajiye. Dariya ta kama ta, ta leƙa matakala, ta buɗe baki za ta ƙwala wa Hazim kira ya hauro ya ga ikon Allah. Sai ta tuna, ta rufe bakin.

Hazim ƙanenta ne. Gyaran firji yake yi, bai taɓa aure ba, a hawan ƙasa na gidan gadonsu da ke garin Salt na ƙasar Jodan ya zauna har ranar da aka same shi a shago ya kifa kai a jikin firjin wani, sukudireba a hannu. Aka ce zuciya ce ta tsaya farat ɗaya. Ita Sausan a kantin magani take aiki, ita ke karanta wa rabin unguwa rubutun likitoci, ta kuma karɓi maganar nan ta farat ɗaya don ba a ba ta wata ba.

Su biyun ne ke bin doguwar hanyar nan ta ƙafa, wadda ta tsaga Jodan daga Ummu Ƙais a arewa har bakin teku a Aƙaba. Ba a tashi ɗaya ba, wa zai ba su wannan hutun. Gutsi-gutsi suke cin ta. Hutun Sallah su yi wani yanki, sanyi ya wuce su koma daidai dutsen da suka tsaya su ɗora. Mutanen unguwa tuni suka yanke musu hukunci. Mutum da motarsa a ƙofar gida, ya ajiye ta ya bi sawun awaki da kaya a baya, ya dawo ƙafa a kumbure yana washe baki, me za ka kira shi? Ni dai ban taɓa ganin laifinsu ba, amma kuma ban taɓa bin su ba.

A haka suka kai Batra. Abin da ya rage musu hamada ce, ba ƙauye ba famfo, kuma ba mai iya goya ruwan kwanaki a bayansa. Don haka masu tafiya kan shiga da mota tun kafin ranar tashi, su haƙa rami nan da can a kan hanya, su binne gorunan ruwa, su tara duwatsu a kai don shaida. Haka suka yi ita da Hazim. Suka binne ruwansu a wuri uku, suka dawo gida su huta su haɗa kaya. Ba su koma ba, Hazim ya rasu kafin ranar tashi.

Sanyi ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, jakar bayanta na rataye a ƙusa. Sai bana ta ce za ta ƙarasa. Ta kai takalman wurin baduku, ta cika jakar da ƙunshin shinkafa, ta shiga hawa da sauka a matakalan garin nan namu da ba su da ƙarshe, don gwiwa ta tuna aikinta. Gwiwar ba ta ba ta matsala ba. Kwanar hanya ce ta ba ta. Hazim mai sauri ne, kullum yana gaba, sai ya samu dutse a bayan wata kwana ya zauna ya miƙe ƙafa, in ta ɓullo tana haki ya ce, "Barka da isowa, Hajiya kunkuru, na ɗauka kin koma gida ɗauko wani abu." Yanzu duk kwanar da ta sha sai ta ɗaga kai. Tana tsoron ta gan shi, tana kuma tsoron kada ta gan shi, ta rasa wanne ya fi ci mata rai.

Saboda haka ta kafa wa kanta sharaɗi, ba ta gaya wa kowa ba, har ɗanta Yazan da ke Amman. Tsohon ruwan ba zai shaɗu ba, dole a je a binne sabo. In ta iya haƙa rami ta zuba ruwan mutum ɗaya ta mayar da ƙasa, za ta yi tafiyar. In hannunta ya ƙi, ta dawo ta kyautar da jakar, hanya ta ƙare a Batra ke nan.

Da ta je sayen ruwan, mai shagon kusa da masallaci ya tsaya yana kallon abin da take turawa bakin ƙofa.

"Ummu Yazan, biki za a yi ne ba mu ji ba, ko rijiya za ki cika?"

"Kai dai loda min a mota. Surutunka ba ya cikin kayan da na saya."

Sai da ta rufe bayan motar ta lura. Na mutum biyu ta saya. Hannun ne ya yi lissafin da ya saba, naka da nawa, rami bayan rami, bai shawarce ta ba. Ta tsaya riƙe da mukulli. Kunyar mai shagon ta hana ta mayarwa, haka dai ta gaya wa kanta.

A Humaima, a bakin hamadar, ta sami Abu Nayif, tsohon makiyayin da ya sayar da raƙuma ya sayi a-kori-kura, shi ne ya kai su wancan karon. Ya dafa ƙirji ya yi mata gaisuwar mutuwa kamar jiya aka yi rasuwar, ya yi addu'a, sannan ya karkata kai yana dubanta.

"Ummu Yazan, ke ce kika tsufa ko idona ne?"

"Idonka ne, Baffa. Motarka ma dubi yadda ta koma."

"Kul, kada ki zage ta, tana ji. Sai ta mace mana a tsakiyar daji, ke za ki tura." Ya buɗe bayan motarta ya ga tulin gorunan. "Da wa za a yi tafiyar?"

"Ni kaɗai."

Ya dubi ruwan, ya dube ta, ya shiga kwashewa.

A hanya motar na jijjiga ta, ta fito da koren zare tana ɗaura wa gorunan a wuya. Asalin zaren nan ƙyanƙyaminta ne. Sausan ba ta shan bakin gorar da wani ya sha, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hazim ya yi mita har ya gaji. "Ciki ɗaya muka kwanta, nono ɗaya muka sha, amma yau bakina ne guba," in ji shi, sannan ya sayo zare kala biyu, kore nata, ja nasa. Yau ba ta zo da ja ba. Rabin gorunan ta ɗaura wa kore, rabin ta bar su tsirara.

Tarin duwatsun farko yana nan a tsaye gindin wani tsauni, da farin dutsen da Hazim kan ɗora a sama. Ta karɓi shebur daga hannun tsohon ta ce ita za ta haƙa. Ba ta yi nisa ba bakin shebur ya taɓa roba. Ta durƙusa ta share yashin da hannu.

Masu jan zare ne a sama. Ta ɗaga ɗaya ta ji ba nauyi. Ta ɗaga ta biyu, ita ma haka. Duk an shanye su, an murɗa marafan tamau, an jera su kai da kai an mayar da ƙasa. A ƙarƙashinsu kuwa masu koren zare ne, cike, ba wanda ya taɓa ko ɗaya.

Rana na dukan bayanta amma sanyi ta ji ya ratsa ta har yatsu. Haka Hazim yake murɗa marfi, har sai ta ba shi ya buɗe mata da kansa. Ba ta san lokacin da ta miƙe tana duba yashin da ke kewaye da ita ba, wai ko za ta ga sawu, bayan duk iskar da ta bi ta wurin.

"Wani mai ƙishi ne ya wuce," in ji Abu Nayif. "Wanda ya tone ruwan wani, na sama yake sha, ya bar na ƙasa ga mai shi, ya rufe ramin yadda ya same shi. Haka muka tashi muka gani. Ɗan'uwanki ne zai sami ladan."

"To me ya sa nasa kaɗai?"

"Wa ya jera su?"

Hazim ne ya jera. Ta tuna shi a durƙushe, kai a cikin rami, yana tura nata can ƙasa. "Ƙasa firji ce, Yaya, kuma can ciki ne wurin ƙanƙara. Bar ni da aikina, ni ban taɓa shiga kantinki na ce ga yadda ake ƙirga ƙwaya ba." Maganar tsohon tana da ma'ana, ta kuma san gaskiya ce. Tsikar jikinta ce ta ƙi kwanciya.

Suka juye tsohon ruwan a gindin wani ɗan itace, suka jefa fankon a mota. Ta jera sababbin masu koren zare a ƙasa. Ta ɗebo yashi a shebur, ta tsaya. Ramin ya yi faɗi da yawa, rabinsa wofi, kamar shimfiɗar da aka tashi aka bari. Ta ajiye shebur, ta je mota ta rungumo marasa zaren ta jera a sama.

"Na masu wucewa ne," ta ce.

"Sadaka mai kyau," in ji Abu Nayif, yana kallon sama.

Ƙarya ta yi, ta kuma san ya sani. Sharaɗinta ta karya tun a ramin farko, haushin kanta ya cika ta.

A na biyu ma, a bakin wani kwari, haka suka tarar. Ja an shanye an jera, kore na kwance cike. Wannan karon ba ta duba sawu ba, amma ta kasa juya wa kwarin baya, da gefe take haƙa. Nan ma na mutum biyu ta zuba. Da azahar tsohon ya hura wuta a inuwar dutse, ya binne gurasa a toka, ya ɗora buta. Ta zauna ta riƙe kofin shayi ba ta sha ba.

"Kamar ya ci gaba da tafiyar ne ba ni," ta ce. "Yana shan nasa yana bar min nawa."

Tsohon ya karkaɗe tokar gurasar ya ɓalla mata.

"Baffa, ka taɓa ganin wani a dajin nan wanda bai kamata ka gani ba?"

"Sosai. Na ga Bature da laima da gajeren wando yana neman inda ake sayar da kofi. Na ga wani ɗan Amman ya zo da kyanwa a jaka."

"Ka san abin da nake nufi."

"Matattu ba sa jin ƙishi, Ummu Yazan."

"Ka tabbata?"

Ya ƙara itace a wuta, alhali an gama dafa komai. "Sha shayinki kafin ya huce."

Rami na ƙarshe yana can cikin wani ƙunƙuntaccen kwazazzabo da mota ba ta shiga, daga shi sai gangarar da ke kai mutum teku. Shi kaɗai ne ba ta taɓa gani ba. Ranar da suka zo, rana ta buga mata kai, ta kwanta a inuwar mota da jiƙaƙƙen mayafi a fuska, Hazim ya saɓi buhun ruwan ya hau shi kaɗai. Da ya sauko ya ce mata yana gindin wani itacen ƙaya, ba ya ɓata.

Abu Nayif ya kashe mota a bakin kwazazzabon, ya riga ta kai hannu ga buhun.

"Zauna ki huta, wannan ni zan hau miki."

"Kai da wace gwiwar?"

"Tawa ta fi taki sanin wurin nan. Kin yi biyu, ya isa. Ba wanda zai ce kin kasa."

Tun safe bai hana ta komai ba, sai yanzu. Ta dube shi, ya kau da ido. Ta cusa gorunan a buhu, masu zare da marasa, ta saɓa, ta ɗauki shebur ta shiga.

Hawan ya ci ƙarfinta. Ruwan mutum biyu a kafaɗa ɗaya ba wasa ba ne, duwatsun kuma suna zamewa a ƙarƙashin sabon tafin takalmi. Bangon dutse ya matso ta hagu da dama, hasken ya ragu, ba ta jin komai sai numfashinta da ruwan da ke kaɗawa a bayanta, wanda in ta tsaya yakan ɗan ci gaba da motsi kamar takun wani. Ta huta sau da yawa. Can ta hango itacen ƙayar, ga tarin duwatsu a gindinsa, ga farin dutse a sama.

Ta sauke buhun ta kawar da duwatsun. Ƙasar nan ba ta yi kama da wadda aka taɓa tonewa ba, ta daskare. Ta haƙa, ta haƙa, ramin ya yi zurfi fiye da sauran kafin ta ji roba. Ta shirya ranta ga jan zare da fanko.

Kore ta gani. Zaren ya koɗe amma kore ne, gorar cike. Ta ciro ta, ta ciro ta gaba, ita ma kore. Ta kwashe su duka ta jera a gefe, daidai abin da ita kaɗai za ta sha daga nan zuwa teku, ba ragi ba ƙari. Ta zura hannu har kafaɗa ta laluba ƙasan ramin. Ta ɗauki shebur ta faɗaɗa shi ta nan, ta faɗaɗa ta can, har ta tono saiwar itacen, har fatar tafin hannunta ta sale. Ba ja, cike ko fanko. Masu ƙishin dajin nan suna mayar da fanko, ta gani da idonta sau biyu yau. Ba shanye nasa aka yi ba. Bai binne ba ne.

Ta zauna daɓas a kan tarin ƙasar.

A ramuka biyun farko tana tsaye a kansa, dole ya zuba nasa ya yi ta barkwanci. A nan kaɗai ba ta wurin, a nan kaɗai bai yi mata ƙarya ba. Ya san ba zai kawo nan ba. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira su ba. Yadda a shekarar ƙarshe zaman jiranta ya riƙa tsawo, sai ta iso ta huta ta miƙe shi yana nan zaune wai yana gyara igiyar takalmi. Yadda leɓɓansa kan yi duhu a hawa ta ce sanyi ne. Da ranar da ya tsaya a ƙofar kantinta ya karanto sunan wata ƙwaya daga bayan hannunsa, ya ce wani mai kawo masa gyara ne ke tambaya ko ana shan ta kafin abinci. Ta amsa masa ba tare da ta ɗago daga abin da take yi ba. Ita da ta san ƙwayar ta masu ciwon zuciya ce.

"Maƙaryaci!" ta ce da ƙarfi.

Duwatsun suka dawo mata da kalmar, siririya, daga can gaba inda kwazazzabon ya karkata. Ta saurara har ta ɓace. Ba abin da ya biyo baya.

Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar jana'iza saboda baƙi da kofunan kofi. Duk shekarun nan gani take ta yar da shi a tsakiyar hanya, in ta ƙarasa ita kaɗai ta ci amanarsa. Ashe shi ya hau nan da zuciyar da ke neman tsayawa, buhu a kafaɗa, ya haƙa ramin da ya fi kowanne zurfi don ruwan ya yi mata sanyi ranar da za ta iso ba shi. Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi, kewarsa kuma ta fi haushin yawa.

Da ta gaji ta share fuska da gefen mayafi. Ta juye tsohon ruwan a gindin itacen. Ta buɗe buhun ta zaɓo masu koren zare, ta jera su can ƙasa inda ya jera. Ta ɗebo ƙasa ta zuba. Hannun bai ƙi ba. Ta cike ramin ta tattake, ta mayar da duwatsun, sannan ta saɓi buhun da ragowar ta kama gangara.

Abu Nayif na tsugune a jikin taya. Ya dubi buhun tun daga nesa, ya ga yadda yake rinjayar kafaɗarta, ya miƙe a hankali.

"Ka sani," ta ce.

"Na ga ya sauko da buhun da nauyi, kamar yadda kika sauko yanzu. Kina barci. Ya zagaya bayan mota ya juye su a ƙasa, ya cusa fankon a ƙarƙashin kujerata. Ya dube ni, na dube shi."

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Ba ma tambayar mutum lissafin ruwansa."

"Da ka gaya min, Baffa. Ina kwance nan, nan wurin."

"Da kin yi me?"

"Da na ja shi da kunne zuwa asibiti. Da na ƙona masa takalma. Da bai sake taka ko matakalar gida ba."

"To kin gani," in ji tsohon.

Ta sauke buhun daga kafaɗa. Ya karɓi buhun ya ɗora a bayan mota, ya ɗauko ɗan ƙyalle ya miƙa mata ta naɗe hannun da ya sale. Suka shiga suka zauna, bai tayar da motar ba tukuna.

"Za a yi tafiyar?"

"Bayan Juma'a mai zuwa. Wannan ragowar ka kai wa matarka Ummu Nayif ta dafa muku shayi."

"Rarar ruwan da kika zuba a ramuka biyun baya fa? Hanyarmu ce, in kina so mu tsaya mu ciro. Rana ba ta faɗi ba."

Sausan ta ɗaure ƙyallen da haƙori.

"A'a, bar su. Can tare muke. Bari ya raka ni har inda ya ce zai iya."

Abu Nayif ya yi bisimilla ya murɗa mukulli, motar ta yi tari sau biyu sannan ta tashi.